Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aikin da Ba Fansho

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin dindindin a Ingila na koma kwangila. Har gobe Kawu na Fagge bai huce ba. "Aikin da ba fansho ai ƙwadago ne, ko da a sama ake yinsa." A zauren Baba ya faɗe ta, ranar sunan Ummi, surukaina na zaune, kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don babba ne.

To ga ƙwadagon. Wata shida-shida ake sabunta min takarda, kuɗin yini ake biya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni babu ko sisi. Abin da nake rubutawa shi ne manhajar da ke cikin kwamfutar tauraron ɗan'adam, ɓangaren da idan tauraron ya rikice zai kashe duk abin da ba dole ba, ya juya farantansa masu ba shi lantarki ga rana, ya jira umarni daga ƙasa. Da harshen kwamfuta da ake kira C muke yi, kuma kowane layi sai ka nuna lambar buƙatar da ta sa ka rubuta shi. Layi talatin kan ci mako guda. Duk sabon zuwa sai an ba shi labarin Ariane 5, rokar Turai da ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ba ta kai minti ɗaya da tashi ba, saboda an ɗauko manhajar Ariane 4 an ɗora mata, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Abin da ya tashi ya tashi, ba makanikin da zai bi shi da sifana.

Kafin ma a bar ni in taɓa aikin tsaro sai da aka tantance ni, irin tantancewar da galibi sai ka shekara biyar a ƙasar. Sun tambayi basussukana, sun tambayi inda aka haifi Inna. Duk da haka akwai taron da in an zo kan kayan Amurka, saboda dokarsu ta ITAR, mai taƙaita waɗanda za su ga fasahar tsaronsu, sai a dube ni a ce in ɗan sha shayi a waje. Mutumin da na koya wa aikin yana ciki, ni ina baranda. Wannan ban taɓa gaya wa Kawu ba, da ya samu abin faɗa har a makabarta.

Na tuna 2011, da aka harba tauraron NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa a garin Guildford na Ingila. Kawu ya ji a rediyo, ya sa aka kira ni. "Kana cikinsu?" Na ce a'a Kawu, su ma'aikatan gwamnati ne. Ya ce, "Ka gani ko? Masu fansho."

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa, aiki ne da sanyi. A Afrilun 2021 aka sauya dokar haraji ta IR35, wadda ta shafi 'yan kwangila irina, abin da ke shigo min ya ragu sosai, Yaya Babba har ta fara cewa ko in nemi na dindindin. Ban nema ba. Kuma da kuɗin ƙwadagon nan aka sake rufin ɗakin Kawu da damina ta cinye, shi da ya shekara biyu yana zarya a kan fanshonsa. Bai ce na gode ba, cewa ya yi kwanon ya cika ƙara in ana ruwa.

Mako mai zuwa sai maganar auren Ummi, da abin da ya sa ban zo ba.