Wata huɗu ina neman sifirin ɗaya saboda bindigar Baba

Wallahi da na san haka abin zai kasance da ban ce "Baba bari ni zan gyara maka" ba. Bindigar farautarsa ce, Greener GP mai baki ɗaya, mai cin harsashi lamba 12, ƙirar Bamingam ta Ingila, irin wadda ake jan wani hannu ta ƙasa sai bayanta ya buɗe a zura harsashi. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake zuwa fadamar Galma da sanyin asuba lokacin muna yara, ya dawo da zabi ko fakara, wani lokacin har dinya, mu kuma muna rububin kwanson harsashi muna busawa.

Ta kai shekara takwas a jingine bayan sif, to gara ta samu gindin ta cinye cikin tas, waje lafiya lau kamar ba komai amma kana dannawa da yatsa sai ya lotsa. Kunamar kuma in ka ja sai ka ji wani ƙas mara ƙarfi, sifirin ɗin ciki ya mutu kenan.

Na fara da kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan babur da na keken ɗinki, da mataccen sifirin ɗin a ƙulle cikin leda ina ce musu na inji ne, don yanayin da ake ciki tun da hanyar Birnin Gwari da Giwa suka lalace, ka ambaci bindiga a kasuwa sai ka ga kowa ya tsuke fuska. An ba ni kala ya fi goma, wani ya yi tsawo wani ya yi laushi. Wani mai gyara da aka haɗa ni da shi ya karɓi kuɗina ya ce sati ɗaya, sai da na yi masa sawu biyar sannan ya miƙo min wata waya da ya naɗe da hannunsa, ko fentin yaudara bai yi mata ba. Na bar shi da Allah.

Abin da ya fi ba ni haushi ma wani ɗan noti ne da ya ɓace a gefe. Kayan Ingila na wancan zamanin da inci aka auna zaren su, mu kuma abin da ya cika kasuwa yanzu milimita ne, sai ka ga noti ya shiga zagaye biyu ya cije, ka matsa ka ɓata ramin gaba ɗaya.

Wani abokina ya ce ai kawai ka yi oda ta intanet. Oda ina? Shi kansa kamfanin Greener da ya ƙera ta tun 1965 masu kamfanin bindiga na Webley & Scott suka saye shi, kuma ko ka samu wanda ke da tsohon kaya a can Ingila, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 sassan bindiga ma bindiga ta ɗauke su, ba a shigo da su sai da izini, gyaran ma ba kowa aka yarda ya yi ba. Ni ba zan je in kwana a sel saboda zabo ba gaskiya.

Ƙarshe kawuna ne ya kai mu wajen wani dattijo da ya yi aiki a ma'ajiyar makaman 'yan sanda kafin ya yi ritaya, yana da takardarsa ta gyara. Abin farko da ya tambaya lasin Baba, ya duba lambar da ke jikin ƙarfen ya gwada da ta takarda, sannan ya ɗaga bakin bindigar saitin hasken ƙofa ya rufe ido ɗaya ya daɗe yana leƙawa. Ya ce "yaro ka gode Allah tsatsa ba ta ci cikin ba, da ta ci da na ce ku rataye ta a bango, baki ba a yi masa faci." Ya jawo wani gwangwanin madara cike da tarkace cikin baƙin mai, ya tona ya tona, sai ga sifirin da noti na wata 'yar uwarta da ta mutu tuntuni. Wata huɗu ina yawo ashe abin yana cikin gwangwani.

Gindin kuma kafinta ya sassaƙa mana a Tudun Wada, itacen kaɗai muka kai masa ya kwaikwaya. Na so kirya saboda gara, ya ce tab, Baba ba zai iya ɗaga ta ba, aka yi da maɗaci. Huda dogon ramin da ƙusar ke bi ta tsakiya sai da ya ɓata gungume ɗaya.

Ranar da muka kawo ta Baba yana zaune a zaure bayan la'asar. Ya ja hannun ƙasan ya leƙa ya ga ba komai ciki, ya rufe, ya kara a kafaɗa ya saita katanga. Ya ce "ta ƙara nauyi." Na ce Baba ko dai kai ne ka rage ƙarfi, ya harare ni ya ce in miƙo masa tsumma da man keke.