Yadda "zamna" ta zama "zauna" a bakin Bakano

Basakkwace zai ce zamna, amre, abduga, sabka. Bakano kuma zauna, aure, auduga, sauka. Ba kuskure ba ne daga kowane ɓangare. Sauyin sauti ne mai ƙa'ida, wanda masani Bajamushe August Klingenheben ya fayyace a wajajen 1928: baƙin da ya faɗo ƙarshen gaɓa yakan yi rauni. B da m suka koma w (da ake rubutawa u) a Hausar gabas, Sakkwato da Katsina kuwa suka riƙe tsohon furuci.

K ma haka, amma nata ya game duk kare-karen harshen, alamar ya fi tsufa. Dubi talaka da talauci, ko ɓauna da jam'inta ɓakane. T ta koma r: farke (mai fatauci) da jam'insa fatake. Dabarar gano tsohon sauti ke nan, a nemi jam'i ko kalma 'yar'uwa inda wasali ya biyo bayan baƙin ya kāre shi.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne ɗaukar kowane "au" a matsayin tsohon baƙi. Kuma ƙa'idar ta daina aiki tun tuni, shi ya sa gwamna, da aka aro daga Turanci, ba ta zama "gwauna" a Kano ba.