Na yi aikin koya wa mota gani, ga abin da ya tsaya min a rai

Jama'a akwai wani aiki da na yi ta intanet daga nan Bauchi, wani kamfani ne ke turo mana hotunan tituna, mu kuma mu zana akwati a kan duk abin da ke ciki mu sa masa suna, wannan mutum, wannan mota, wannan keke, wannan danja. Da irin hotunan nan ake koyar da motocin da ke tuƙa kansu. Motar na da kyamara da rada da wata na'ura mai harba haske ta auna nisa, amma wallahi duk da haka abin da ba a taɓa nuna mata ba sai dai ta yi lalube. Kuma abin ba tatsuniya ba ne, tun 2020 motocin kamfanin Waymo ke ɗaukar fasinja a Phoenix ta Amurka ba direba, yanzu har San Francisco da Los Angeles.

Hotunan da suka zo hannuna kusan duk titi ne mai layi tsaf, kowa na tsallakawa inda aka zana masa. Ban taɓa cin karo da gurgu a kan ɗan katakon nan mai tayoyi ba, wanda ke tura kansa da silifas a hannu, kansa bai wuce fitilar mota ba, alhali in ka bi ta Wunti ko Muda Lawal sai ka gan shi tsakanin motoci. A jerin sunayen da aka ba mu ma babu inda zan sa shi. Haka makaho da ɗan jagora riƙe da sanda ɗaya, haka mai tura kurar ruwa.

Kar a ɗauka ƙaramin abu ne. A 2018 motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata a Tempe ta jihar Arizona a Amurka, tana tura kekenta za ta tsallaka titi da dare. Masu bincike sun gano na'urar ta hango ta, amma ta yi ta sauya mata suna, yanzu mota, an jima keke, an jima wani abu daban, don ba a shirya ta da cewa mutum zai tsallaka inda babu layi ba. To mu nan ai haka kowa ke tsallakawa.

Yayana yana amfani da keken guragu, ni ke raka shi asibiti daga Yelwa. Mai Keke Napep ne ke saukowa ya kama min shi ta hammata, mu zaunar da shi, ya naɗe keken ya ɗaure da roba a baya, wani ma ya ce a bar kuɗin. Da na nuna masa bidiyon motar a waya ya daɗe yana kallo, sai ya ce min, "To ƙanina, in babu direba wa zai ɗaga ni?" Na ce Yaya sai dai in an ƙera ta da gangara tun farko, da abin da zai riƙe keken da kansa. Ga kuma batun kiran motar, sai da babbar waya da data da katin banki, Inna da ƙaramar wayarta mai tocila ta fita a lissafi ke nan, balle a zo ga masu Keke da ke ciyar da iyali da tuƙin.

Nan Najeriya dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu a 2019, aka ba da shekara 5 a gyara gine-gine da ababen hawa, wa'adin ya wuce, har yanzu kwalbati a buɗe ke tare Yaya kafin ya kai bakin titi. A ganina wannan gyaran shi ne farko, kuma duk teburin da za a zauna kan motocin nan a sa guragu da makafi da kurame a kai tun ranar farko.

Kafin in bar aikin, duk hoton da na ga mai keken guragu ko sanda sai na tsaya na zana shi da kyau ko da lokaci na ƙurewa, kuma na rubuta musu a wajen ƙorafi cewa su ƙara suna don mutumin da ke tafiya a zaune ƙasa-ƙasa.