Daga Fatar Albasa Zuwa Memori: Sana'ar Haɗa Darasin Bayoloji a Jos

Shekara shida na yi ina koyar da bayoloji a wata makarantar kuɗi a nan Jos, kuma madubin ƙara girman abu, wato maikuroskof, guda ɗaya tal muke da shi. Yaran SS1 kuwa sun haura hamsin. Kafin kowa ya leƙa sau ɗaya an kaɗa ƙararrawa, wasu ma gashin idonsu suke gani su rantse sun ga ƙwayar halitta. Wata rana na kara kyamarar wayata a bakin madubin, na yi ta lallaɓa hannu har hoto ya zauna: ga ƙwayoyin fatar albasa a jere kamar bulo a katanga, aidin ya rina cibiyar kowace. Bidiyon minti biyu na ɗauka, mutum ɗaya na tura wa. Kafin sati ya zagayo malaman makarantu uku suna nuna shi a aji.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, albashi ya tsaya cak, sai na riƙi abin da gaske. Yanzu muna da ɗaki biyu a kan titin Bauchi, mu huɗu: ni, da wata yarinya mai zane a kwamfuta, da yaron da ke yanka bidiyo, sai wani dattijon malami da ya yi ritaya, wanda duk Baba muke ce masa.

Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, muke bi daga SS1 zuwa SS3, da idon WAEC da NECO da JAMB a kanmu. Tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, muna haɗa tambayoyin gwaji da yaro zai danna amsa agogo na tafiya. Kowane darasi ba ya wuce minti takwas, kuma muna matse shi ya yi sauƙi, mu zuba a memori. Wanda ya ce yaron Unguwar Rogo ya riƙa kallon darasi a intanet kullum bai taɓa saya masa data ba. Bayani da Hausa muke yi, amma sunayen sassa da Turanci suke zama, don da shi za a tambaye su. A Jos wannan yana yi mana rana, domin ɗan Birom da ɗan Angas duk suna jin Hausa. Wasu makarantun dai Turanci zalla suke so, shi ya sa kowane bidiyo murya biyu muke ɗora masa.

Inda aikin yake da daɗi shi ne neman abin da za a ɗauka. Akwai bidiyoyin Amurka da Ingila masu kyan gaske, amma itacen da suke misali da shi yaronmu bai taɓa zama a inuwarsa ba. Ni kasuwar Farin Gada nake zuwa in zaɓi dankalin turawa, in rarake cikinsa, in zuba ruwan gishiri mai kauri, in zaunar da shi a faranti mai ruwa zalla. Kyamara ta yi awa biyu tana kallo, mu taƙaita shi zuwa daƙiƙa talatin, yaro ya ga ruwa yana hawa da idonsa, shi ke nan osmosis, wato yadda ruwa ke ratsawa zuwa ɓangaren da ya fi gishiri, ya daina zama hadda. Gansakuka da 'ya'yan kwaɗi kuwa a tsofaffin kududdufan haƙar kuza na wajen Bukuru muke samu. Zuciya da ƙoda da huhu sai mahauta. Akwai mahaucin da da ya hango ni zai ce, "Malam, yau ma zuciyar ce? Kai dai ba a taɓa ganinka da tsoka ba." Sai na riƙa roƙonsa kada ya sa mata wuƙa, don a gaban kyamara nake so in buɗe ta a ga ɗakuna huɗun, a ga yadda bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi kauri saboda shi ke tura jini ga jiki duka.

A kan zuciyar nan na sha kunya. Na musanya sunan jijiyar da ke kai jini huhu da wadda ke dawo da shi. Wata malama ta kira ni da daddare ta ce, "Malam, ka duba minti na biyar." Na gyara washegari, na bi makarantu ina canja memori, amma wanda ya riga ya bi ta Xender, abin tura fayil daga waya zuwa waya, ya tafi ke nan. Har yau nakan ci karo da shi a wayar wani ɗalibi. Tun daga ranar babu abin da ke fita sai Baba ya kalle shi sau biyu da jan biro a hannu.

Xender ɗin nan shi ya canja mini lissafin kasuwa. Na taɓa tarar da darussana a kasuwar Taminus wajen masu tura finafinai, ana sayarwa a kuɗin da bai kai na ruwan leda biyar ba. Na yi fushi, na gwada kulle fayil, suka buɗe. Yanzu na bar musu. Abincinmu yana wajen makarantu: yarjejeniyar zango-zango, inda muke ba da sabbin tambayoyi, takardun aikin aji, hayar firojekta da batirin sola, da zama da malami mu nuna masa inda zai tsayar da bidiyo ya jefa tambaya. Kuɗin sai an karɓi na makaranta yake fitowa, wani lokacin sai an yi sawu uku.

Darasin da ya fi yawo shi ne na gadon jini. Yara sun haddace cewa in mai jinin AS, wato mai ɗauke da gadon sikila, ya auri mai AS, ɗaya cikin huɗu sikila ne, sai su ɗauka in an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai. Muna jefa kwabo biyu a faifai sau arba'in don su ga cewa kowane ciki sabon jifa ne. Wata baiwar Allah ta zo shago takanas, ba ta da ɗa mai jarrabawa, 'yarta ce aka kawo wa kuɗin gaisuwa. Na kunna mata, na ce, "Hajiya, sauran bayanin yana asibiti, su je a gwada su duka biyun."

Wanda nake kai ruwa rana da shi shi ne mai makarantar da ke son bidiyo ya maye masa gurbin ɗakin gwaji. Ɗaya ya ce mini, "To in muna da wannan, sayen kifi da fara na mene ne?" Na ce, "Alhaji, ranar firaktikal karfasa za a ajiye wa yaro a tebur, ya zana da fensir mai tsini, ba inuwa, layukan suna da rula kada su gitta juna, ya rubuta ninkin girman zanen a ƙasa. Allon waya ba zai koya wa hannunsa wannan ba." Ya sayi memorin, kifin kuma sai da malaminsa ya ciro daga aljihunsa.

Darasin rayuwar kwaɗo ne ya rage mana na wannan zangon. Bokiti da raga suna bayan ƙofa, ruwan farko muke jira.