Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi. Ranar Laraba 14 ga Afrilu na 2021, biyu ga azumi, aka sallamo mahaifinmu daga asibiti a nan Garwa, ƙasar Kamaru, bayan ya yi kwana 16 yana jinyar korona. Da ƙafarsa ya shiga gida, ko da yake sai da ya tsaya sau biyu ya huta tsakanin zaure da ɗakinsa. Shi ya ce in rubuta wannan saƙo, ya kuma ce in kira cutar da sunanta. Akwai waɗanda suka ba mu shawara mu ce hawan jini ne ko ciwon sukarinsa ne ya tashi, don kada mutane su guji gidan. Baba ya ce wanda Allah ya tashe shi daga wannan kwanciya ba zai fara da ƙarya ba.

Abin ya faro ne kamar zazzaɓin da muka saba. Kwana huɗu bayan ya wuni a zaman makokin wani amininsa a unguwar Yelwa, ana musabaha, ana ci a akushi ɗaya, sai ya ce jikinsa ba daɗi. Muka sayo maganin maleriya ya shanye, shiru. Aka ce ko taifot ne. Inna ta dafa ganyen darbejiya da lemun tsami ya yi sirace. Ranar da ya ce miya ba ta da ɗanɗano, ko ƙamshin turarensa ba ya ji, ranar ya kamata in farga, amma ban kawo komai a raina ba. Ina cikin masu cewa wannan cuta ta mutanen Yawunde da Duwala ce, zafin Garwa da ke wuce digiri 40 a watan Maris ba zai bar ta ta yi tasiri ba. Na sha faɗin haka a bakin shagona, mutane suna ji. Mako guda cur muka ɓata a kan wannan tunani, ga mutum mai ciwon sukari da ya haura shekara 70. Allah Ya yafe mini.

Daren Litinin 29 ga Maris ya kasa ƙarasa sallar isha'i. Na same shi a kan dadduma yana numfashi sama-sama, leɓɓansa sun yi duhu. Godiyata ta farko ga maƙwabcinmu ce, dattijon da muke katanga ɗaya. Na buga masa ƙofa, ya fito ko hula babu a kansa, ya tada mota, ya sauke gilasai duka, bai tsaya tambayar me ke damun Baba ba. Dalilin wannan dare shi ma sai da ya killace kansa mako biyu. Useko, mun gode, Baffa. Allah Ya tsaya maka kamar yadda ka tsaya mana.

Da isarmu aka maƙala wa Baba wani ɗan abu a yatsa, ya nuna 81. Ma'aikacin ya ce mai lafiya 95 yake nunawa zuwa sama, abin da ya yi ƙasa da 90 kuwa sai an taimaka masa da iskar oksijin. Aka sa masa tsinken gwaji a hanci, ba a jima ba aka ce korona ce. Sai dai babu gado. A baranda muka zauna, ni da ƙanena muna riƙe da shi, a gefenmu wasu iyalai biyu su ma suna jira. Gab da asuba gado ya samu. Na ga yadda ya samu, domin a gabanmu aka fito da mai shi a lulluɓe. Allah Ya jiƙansa.

Ban san da wane baki zan gode wa ma'aikatan wannan ɗaki ba. Akwai wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, da ba mu taɓa ganin fuskarta ba sai idanu. Cikin wannan zafi take wuni a rigar leda tun daga kai har ƙafa. Na ga ta cire safar hannu, gumi ya zubo kamar an tuntsurar da kofi. Ita ta ce Baba ya riƙa kwanciya rub da ciki, wai hakan na buɗe bayan huhu, iska ta fi shiga. Baba ya ƙi. Ya ce tun yana yaro malaminsa ya hana su irin wannan kwanciya, ba zai gamu da Ubangijinsa a haka ba. Ta lallashe shi da Fulatanci, ta lallashe shi da Hausa, tana ce masa Baba ka yi haƙuri. Da abin ya gagara sai na kira limamin unguwarmu, aka kara masa waya a kunne. Liman ya ce masa, Alhaji, lalura ce, kuma kiyaye rai wajibi ne, ka bi abin da suka ce. Ya juya. Ta leƙo ta taga ta gaya mini lambar ta tashi daga 86 zuwa 92. A nan na fara kuka, duk kwanakin baya ban yi ba. Malam, Allah Ya ƙara maka ilimi mai amfani. Ke kuma 'yar'uwa, Allah Ya sa wannan gumi ya zame miki inuwa ranar gobe.

Likitan da ya riƙe shi ya ba shi deksametazon, ya kuma yi mana bayani cewa maganin yana taimakon wanda ke kan oksijin amma yana tada sukari, don haka sau da dama a rana ake soka masa yatsa a auna, a daidaita insulin. Wannan aiki mutum kaɗan ne ke yin sa ga ɗaki cike. Wani dare allurar ma'aunin tukunyar iskar Baba ta kusa kwantawa, sai ga wani matashi mai shara yana mirgino wata tun daga can wani sashe, tukunyar da ta kusa kai shi tsawo. Ba aikinsa ba ne. Ko sunansa ban sani ba, amma Allah Ya san shi. Mai gadin ƙofa ma ina neman afuwarsa: mun yi masa faɗa da ya hana mu shiga, ashe mu yake karewa.

Muna can labarin rasuwar Lamidon Garwa Alim Hayatou ya iso, ranar 5 ga Afrilu. Muka roƙi kowa kada ya gaya wa Baba, saboda a kwanakin nan ko ƙaramin tashin hankali sauke masa lamba yake yi, kuma aka riƙe mana. Allah Ya gafarta wa Lamido.

Shagona mako biyu yana rufe, amma ba a kwana da yunwa a gidanmu ba. Abokan kasuwa sun haɗa abin da ya sawwaƙa, aka ba ni ɗaukar adashe ba layina ba. 'Yan'uwa na unguwar Birkitiri a Yawunde, da na Duwala, da na Ngaundere da Njamena sun yi ta turo kuɗi, wani jaka biyar, wani jaka hamsin, har da wanda ya turo ya ɓoye sunansa. Allah Ya mayar muku da ninkinsa.

Akwai kuma godiyar da ban taɓa zaton zan yi ba, ga waɗanda suka haƙura ba su zo ba. Mun taso muna jin zumunci a ƙafa yake, kuma na san nauyin da Bahaushe ke ji a ce ɗan'uwansa na kwance bai je dubiya ba. Yayarmu da ke aure a Yola ta haɗa kaya har sau biyu, muna ba ta haƙuri. Gwaggo kullum da safe takan aiko da kunun gyaɗa, a ajiye a bakin zaure, a ƙwanƙwasa, a juya. Inna da matata sun kamu, Allah Ya sa nasu ya zo da sauƙi. Da an cika gidan da 'yan dubiya kamar yadda aka saba, ban san gida nawa za ta shiga ba.

Ranar da muka fito, barandar da muka kwana ta fi cika. Tun 6 ga Maris na 2020 da aka samu mutum na farko a Yawunde muke jin labarin cutar a rediyo, har muka gaji muka ajiye takunkumi, amma wannan dawowar da ta yi bana ta fi ta bara zafi, gani ya kori ji. Ga shi mun shiga watan cunkoso: tafsiri, asham, buɗa-baki, sannan kasuwar sallah na tafe. Don Allah a sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ba a saƙale shi a haɓa ba. Kowa ya je masallaci da daddumarsa. A gaisa da hannu a ƙirji, ba raini ba ne. Mai tari ko zazzaɓi ya yi sallarsa a gida, ya je a gwada shi ko ya kira 1510, lambar gaggawa ta ma'aikatar lafiya, kada a yi mako ana sirace irin namu, musamman in dattijo ne ko mai sukari ko hawan jini.

Rigakafi ma ya iso. Ranar 11 ga Afrilu aka sauke allurai 200,000 na Sinopharm daga ƙasar Sin, washegari ministan lafiya Manaouda Malachie ya miƙa hannu aka yi masa, sannan na AstraZeneca suka biyo baya. Ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 25 wannan kaɗan ne, shi ya sa aka fara da ma'aikatan lafiya da manya da masu wata cuta a jiki. Na ji maganganun da ake yawo da su a WhatsApp. Ni dai na ga abin da rashin numfashi ke yi wa mutum, kuma duk ranar da likita ya ce lokacin Inna ya yi, ni zan kai ta da kaina.

Masu son zuwa barka, a ƙara mana haƙuri zuwa bayan sallah. Baba ba ya azumi bisa umarnin likita, kuma magana mai tsawo na sa shi haki, don haka a kira bayan la'asar, a taƙaita. Mun sayi irin abin nan na yatsa mai auna iska. Duk wanda ke da mara lafiya a gida a cikin Garwa ya yi mini magana, zan aiko masa da shi aro.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka baro ba su fito ba, Ya ɗauke mana wannan annoba. Amin.