Abin da Na Koya Daga Dokokin Wariya na Afirka ta Kudu

Da aka raba mana aikin bincike a darasin tarihin Afirka, ni dokokin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu suka faɗo wa. Da na jera su shekara bayan shekara, sai na lura cewa rabon ƙasa da aikin yi ya riga dogon bayanin fifikon farar fata a kan baƙar fata shiga doka. Tun 1913 aka keɓe wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa kusan 13, alhali su ne mafiya yawa. Sai a 1950, shekara biyu da hawan jam'iyyar da ta kafa wariyar, aka yi dokar yi wa kowa rajista da jinsinsa: fari, baƙi, ko ruwa biyu.

A nan ƙaryar fifikon ta fara yin wari. In dai fifikon halitta ne, ai bai kamata a sha wahalar gane shi ba. Amma sai ga ma'aikacin gwamnati zaune a bayan tebur yana duba farcen mutum da gashinsa. Wani lokaci a soka masa fensir a gashi: in ya zame ya faɗi, an ba shi matsayi na sama, in ya maƙale, shi ke nan. Da wannan ake yanke unguwar da zai zauna, makarantar 'ya'yansa, da wadda zai aura. An raba 'yan uwa ciki ɗaya ta haka. Sandra Laing, wadda iyayenta duka farare ne, an kore ta daga makarantar fararen fata saboda duhun fatarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun Japanawa. A shekarun 1960, da cinikin ƙarfe ya kankama tsakanin ƙasashen biyu, sai gwamnati ta ba su damar zama a unguwannin Turawa, kamar farare. Sinawan da aka haifa a ƙasar kuwa ba su samu ba. Kuɗi ya shigo, aƙida ta matsa gefe.

Tun daga nan, in na ji ana cewa wasu sun fi wasu asali, ba na ɓata bakina wajen gardamar jini. Tambayata ita ce gonar wa, ko kujerar wa, wannan magana take karewa. An soke dokar rajistar a 1991, amma har yau mafi yawan gonakin kasuwanci na ƙasar suna hannun fararen fata.