Oslo, da hoton da ban iya ɗaukar wa ƙanena ba

A Disamba na sauka Oslo, ƙarfe uku da 'yan mintuna rana ta faɗi. Ban gama shafa addu'ar la'asar ba magariba ta kawo kai. Washegari na hau taragon lantarki zuwa asibitin Rikshospitalet, ina ta hura yatsuna saboda sanyi.

Sana'ata ɗaukar hoton marasa lafiya. Amma ƙanena ne silar wannan tafiya. Ya faɗi a babur ba hular kwano, ni da hannuna na sa shi a na'urar CT: ba jini, ba tsagewar ƙashi. Muka yi hamdala. Wata shida bayan nan barci ya ƙaurace masa, a aike shi kanti ya dawo yana tambayar me aka ce ya sayo.

Ƙwaƙwalwa tana da magudananta. Ruwan da take ciki yana bin gefen jijiyoyin jini ya kutsa cikinta, ya kwaso dattin sunadarai irin su tau ya fita da su, kamar yadda ruwan damina ke wanke lambatu. Maiken Nedergaard da Jeffrey Iliff ne suka bayyana haka a ɓeraye a Jami'ar Rochester ta Amurka a 2012. A 2014 suka nuna cewa buguwar kai tana rage wannan wanki da kusan kashi 60 cikin ɗari a ɓera, kuma wata guda bayan nan bai dawo daidai ba.

Ɓera daban, mutum daban. Abin da ya kai ni Oslo ke nan, inda Geir Ringstad da Per Kristian Eide suka gwada ganinsa a mutane. Ana zuba ɗan sinadarin gadobutrol, mai haskawa a hoto, ta allura a ƙasan gadon baya, sai a riƙa ɗaukar hoton MRI bayan 'yan sa'o'i, bayan kwana ɗaya, bayan kwana biyu.

Wata ma'aikaciya ta jera mini hotunan a allo. Na farko toka-toka. A na gaba haske ya taru a gindin ƙwaƙwalwa, ya bi manyan jijiyoyi ya hau sama, sannan ya jiƙa ɓawonta daga waje zuwa ciki. Na sa yatsa ina bin sawunsa har ta yi murmushi. Shekarata goma sha a wannan aiki, ban taɓa ganin hoto yana nuna tafiyar ruwa haka ba.

Akasarin waɗanda aka yi wa a can masu matsalar taruwar ruwa a kai ne. Wanda ya bugu a kai kuwa, an fi auna shi da wata dabarar MRI da Toshiaki Taoka na Nagoya ya fito da ita a 2017, wadda ba ta buƙatar allura, ko da yake masana na ja-in-ja kan abin da take aunawa. Ita na fi sa wa rai a gida.

Su Ringstad da Eide sun kuma gano cewa hana mutum barcin dare ɗaya yana jinkirta fitar sinadarin. Nan na tuna ɗakin da aka kwantar da ƙanena: fitila a kunne har asuba, 'yan dubiya har sha biyun dare, ni ma a cikinsu.

Da dare na kira gida.

"Inna, yaya mai jiki? Ya samu barci jiya?"

"Sama-sama dai, ɗan nan."

"To don Allah daga yau a kashe masa fitila bayan isha'i, masu dubiya su zo da rana."